Tarakta ɗaya, lambobi uku

Ina tsugune gefen tsohuwar taraktar Kawu a Garam, na kwafi lamba ta uku daga jikinta. Ta inji daban, ta giya daban, ta murfi daban. Famfon mai zan sayo a Suleja, ga ruwa ya sauka, huɗa na jira.

Na tambayi Baba Yohanna, bakanikenta: "Baba, wane samfuri ce?"

Ya yi dariya. "Ɗan boko, wacce daga ciki? Uku suka mutu na haɗa wannan. Kwance famfon ka tafi da shi."

A Suleja mai shago ya jujjuya shi, ya ce ai na tsohuwar tifa ne.

Injinan noma na karanta, wallahi. Jama'a, da wane suna zan nemo mata kaya?