Gwangwanin Mangostin na Umma

Wata Asabar ce a watan Fabrairu, shekarar da na cika tara, Madam Lan ta ƙwanƙwasa mana ƙofa da gwangwani ɗaya a hannunta. Tsohuwa ce 'yar Biyetnam, sashenta na kallon namu a hawa na huɗu na wani benen haya na hukuma a unguwar Deptford, can ƙasar Turawa, kuma kafin ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu a matattakala. Amma ta lura da yadda Umma ta koma tun da aka fara yi mata maganin ciwon daji. Kwana uku ke nan ba abin da ya zauna a cikin Umma. Abba ya dama kunun gyaɗa, ya yi farfesun kaza iya iyawarsa, matan abokansa sun aiko da tuwo da miyar kuɓewa, amma ƙamshin kawai ke tayar mata da zuciya. Madam Lan ba ta jira an ce ta shigo ba. Ta wuce kicin, ta nemi mabuɗi, ta juye abin a ƙaramin kwano. Wasu fararen ɓarori ne kamar na tafarnuwa, sai dai taushi, suna iyo a ruwan sukari. Ta ce sunansa mangostin, a garinsu akwai bishiyarsa a bayan ɗakin mahaifiyarta. Umma ta ɗauki ɗaya don kara, sai kuma ta ɗauki na biyu. Ni da ƙanena Sadiƙu muna tsaye bakin ƙofa muna kallon bakinta har ta kusa cinyewa, ta ce, "Alhamdulillahi, wannan dai bai yi faɗa da ni ba."

Daga ranar sayo shi ya zama aikina. Da can in na taso makaranta, jefar da jaka nake yi in sauka filin da ke tsakiyar gidajen, mu yi ta tsallen igiya da 'yan mata har Umma ta leƙo ta taga ta kira ni sallar la'asar. Na bar wannan duka. Sai in bi ta kasuwar titi, in wuce masu kifi da ƙanƙararsu da ke narkewa a ƙasa, in wuce shagunan doya da manja, in shiga wani ɗan shagon kayan Asiya mai warin busasshen jatan lande. A can ƙasan kantar shagon mangostin ɗin yake, kusa da gwangwanayen madarar kwakwa. In na dawo in wanke kwanuka, in kwashe shanya daga kan hitar ɗumama ɗaki, in sa Sadiƙu ya yi aikin makaranta, sannan in buɗe wa Umma nata.

A zangon nan ne malamarmu ta koya mana karanta rubutun da ke bayan kayan abinci. Na dawo gida na juya gwangwanin, na bi layukan da yatsa, na ga sunayen sinadaran da malama ta ce suna gina jiki. Kwanaki kaɗan bayan haka wata gwaggonmu ta bugo waya daga Kano, na ji tana gaya wa Abba wai an ce ɗan itacen nan yana kashe ciwon daji. Abba ya ce mata, "Allah Ya sa," ya ajiye waya. Ni kuwa na riƙe maganar da hannu biyu. Na kafa doka: gwangwani ɗaya kowace rana, har da ruwansa, kuma ni da Sadiƙu ba mai taɓawa. Ranar da na kama shi yana lasar cokali, sai da na mare shi.

Akwai nas da ke zuwa duba Umma a gida. Na nuna mata gwangwanin ina jira ta yaba mini. Ta durƙusa daidai tsayina ta ce yawancinsa sukari ne da ruwa, sai ɗan abin da ke taimaka wa hanji, bitamin ɗin ma zafin da aka ba shi kafin a rufe ya rage shi. Ta ce zai ba Umma ɗan ƙarfi, kuma duk abin da ta iya haɗiyewa alheri ne, amma ba magani ba ne. Ban sake gaishe ta ba.

Wata la'asar a ƙarshen Afrilu na kai wa Umma kwanon, ta kai ɓari ɗaya baki ta kasa haɗiyewa. Na matsa, ta girgiza kai. Sai na ɗaga mata murya da Turanci, abin da ban taɓa yi ba, na ce ko ƙoƙari ba ta yi, ba ta son warkewa. Sannan ta buga katifa da tafin hannu ta ce, "Zo nan, Hauwa'u. Na san abin da ke cikin gwangwanin nan tun farko. Ina ci ne don in ga kin saki fuska." Ta kira Sadiƙu, ta zaunar da mu gefenta, ta riƙa ba mu a baki ɗaya bayan ɗaya. Ranar na fara jin ɗanɗanonsa, zaƙi da ɗan tsami, ina taunawa ina kuka. Bayan mako uku ta rasu.

Yau na wuce shekarun da Umma ta yi a duniya. Ina zaune a Croydon da mijina da 'ya'ya biyu, kuma ban taɓa samun bakin ba ta haƙuri kan maganar da na faɗa mata ba, don lokacin da na yi hankalin yin haka babu ita. Bara na kwanta zazzaɓi, 'yata mai shekara shida ta haɗo mini shayi da ruwan famfo mai sanyi, ta tsaya a kaina tana jira. Na shanye tas, na ce mata na ji sauƙi, ta fita da gudu tana gaya wa babanta.

Sai a lokacin na gane cewa a watannin nan Umma ce take jinyata.