Yadda Innata Ta Yi wa Ɗan Aku Tarbiyya

Shekarar da mazan ƙauyenmu suka dawo daga Abijan, kowace mace ta samu atamfa ko rediyo. Ni kuwa ɗan aku mijina ya miƙo mini a cikin kwali mai huji, ko gashi bai gama fito masa ba. Ya ce idan ya girma zai yi magana, ya ɗebe mini kewa. Bayan kwana ashirin ya hau mota ya koma, ya bar ni a gidan iyayensa kusa da Keita, inda nake koyarwa a lakwal, ni da abin ɗebe kewata.

Magana dai ban ji ba, ihu na sha. Da na ɗauki jakata na nufi ƙofa sai ya buɗe baki, kuma ba ya rufewa sai ya ga mutum a kansa. Har cikin aji nake jiyo shi, yara suna sunkuyar da kai suna dariya. Uwar mijina ta ce yunwa ce, ta riƙa kawo jiƙaƙƙen gero. Maƙwabciyarmu ta ce sanyi ne, ta lulluɓe kejinsa da zane. Wata tsohuwa ta ce iskokin kurmi ne suka biyo shi, ta turara masa hayaƙi har ya yi atishawa. Duk ihu ɗaya, mutum ɗaya ya taso a guje da abu a hannu. Tsuntsu ya yi ɓul-ɓul, murya ta ƙara kauri, jakin gidan ma ya fara amsa masa.

Surukina mutum ne mai son barcinsa na bayan azahar. Ya yi haƙuri wata guda, sannan ya aiko matarsa ta faɗa mini cewa ranar kasuwar Keita zai kai shi ya sayar. Na ce to, amma raina ya ɓaci ƙwarai. Ni ma tsuntsun ya ishe ni, sau da yawa na so in murɗe masa wuya. Sai dai shi kaɗai ne abin da mijina ya ɗauko mini da hannunsa tun daga bakin teku, kuma ban san da wane baki zan ce masa an sayar ba.

Saura kwana huɗu kasuwa sai ga innata daga Deule ta zo ganin gida. Ni ce 'yar farinta, don haka tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta dubana ido da ido a gaban mutane. Ina ƙarama idan na faɗi na yi kuka, dakanta take ci gaba da yi. Na san al'ada ce, amma sani bai hana ni riƙe ta a zuciya ba.

Ta yini guda tana kallon yadda muke zarya. Da maraice ta ce da uwar mijina, ba da ni ba:

"Wanga ba ciwo garai ba. Ya gane in yay yi kuwwa gida dut shina tasowa. Ku bar min shi."

Ta hana kowa zuwa kusa. Ta shimfiɗa tabarma, ta ba kejin baya, ta kama ɓarar gyaɗa. Ɗan aku ya yi ihu har da kifa kai ƙasa, ko gezau ba ta yi ba. Da ya tsaya ya ja numfashi, sai ta miƙa hannu ta baya ta tura masa ƙwaya ɗaya, tana ɗan rera waƙa a maƙogwaro. Ya sake ihu, hannu ya janye.

Rana ta biyu tausayi ya ci ƙarfina, na lallaɓo da gero a tafin hannu. Ba ta dube ni ba. Randar ruwa ta duba, ta ce mata wasu mutane dai an kai su lakwal amma ba a koya musu haƙuri ba. Na koma ɗaki ina huci, geron ma ni na cinye shi.

Ranar kasuwa surukina ya zo da kwando. Ya tsaya gaban kejin ya yi gyaran murya, ya ɗan ƙwanƙwasa da sandarsa, yana jiran ihun da zai zame masa hujja. Ɗan aku ya karkata kai ya dube shi da ido ɗaya, ya ci gaba da fasa gyaɗarsa. Tsoho ya daɗe a tsaye. Can ya ce dama ƙafarsa na ciwo yau, ya ajiye kwandon ya koma rumfarsa.

Ranar ce kuma innata za ta koma, na raka ta bakin hanya wurin motar kasuwa. Ta shiga ta zauna kusa da taga. Ni kuwa baki ya ƙi rufuwa. Na yi godiya, na roƙe ta ta ƙara kwana ɗaya, na tambaye ta ko sai yaushe, har kuka ya ƙwace mini, fasinjoji suna kallona. Ita buhun albasar da ke gefenta take kallo. Na gaji don kaina na yi shiru, ina share hanci da bakin mayafi.

Sai hannunta ya fito ta taga, fuskarta na can wani gefen. Ya lalubo yatsuna ya riƙe gam, bai sake ni ba sai da motar ta fara tafiya.