Ranar da kafilina ya ce in daina gaida mai gyaran agogo

Shekarun baya, lokacin ina aiki a wani shagon turare a kasuwar Dira da ke Riyad, akwai wani mai gyaran agogo da shagonsa ke manne da namu. Mutumin wata ƙaramar masarauta ne a tsibiri, can gabas, wadda ake haye gada a shiga. Ni da na zo Riyad da Larabcin littafi, shi ya koya mini na kasuwa, yana dariya duk lokacin da na yi wa mai sayen turare magana kamar ina huɗuba. Kullum bayan azahar tare muke cin shinkafa a bayan shagonsa. Haka ya zama abokina.

Sai ƙasarsu ta rikice. Mutane suka fito tituna suna neman a ba su majalisar da za ta yi magana da bakinsu, gwamnati ta fito da sojoji. A kasuwarmu kuwa magana ɗaya ake yi: wai 'yan ƙauyukan can ne, masu wata aƙida daban, wata ƙasa ta zuga su. Ni ma na ɗauka na riƙe, har na maimaita wa 'yan'uwana a waya kamar a gabana aka yi. Cikin mako guda maƙwabtan da suka shekara suna shan shayinsa suka daina yi masa sallama.

Ranar wata Juma'a ya gayyace ni gidansa a Al-Jaradiya. Mahaifiyarsa ta zo, sun gudo da ita saboda hayaƙin da ake harbawa a unguwarsu ya hana ta numfashi, ƙaninsa kuma an kama shi, ba a san inda yake ba. Tana zaune bayan labule, ni kuma da rashin dabarata na ce, "Mama, Allah ya kawo sauƙi. Da ma yaran nan ba su bari an zuga su ba."

Sai ta ce, "Ɗana, wa ya zuga mahaifina?"

Ban gane ba, sai ta ci gaba. Ta ce kakanninta manoman dabino ne tun kafin gidan sarautar ya iso tsibirin. Gonar da mahaifinta ya gada, wata rana aka ce masa ta zama ta wani babba, ya koma ɗan aiki a cikinta. Da man fetur ya fito, yayanta ya shiga kamfani, suka yi yajin aiki, aka tafi da shi, ya dawo ba ya ji da kunne ɗaya. An taɓa buɗe musu majalisa, da ta fara tambaya aka rufe ta. Gaɓar tekun da mijinta ke kamun kifi aka cike da ƙasa aka kewaye da katanga.

"Kowanne zamani da sunan da ake sa mana," in ji ta. "Abin da muke nema kuwa bai taɓa canzawa ba."

Na fito daga gidan kunya ta ishe ni.

Bayan kwana biyu kafilina, wato mai shagon da takardar zamana, iƙama, ke hannunsa, ya kira ni ciki ya turo ƙofa.

"Na ji ka je gidan mutumin nan."

"Na je, ya shehi."

"Daga yau ba gaisuwa, ba cin abinci tare. Kuma akwai waɗanda za su zo su tambaye ka. Ka ce musu ka ji yana zagin shugabanni. Kalma biyu ce, ka huta."

Ashe shagon abokina yake so, don ya faɗaɗa namu. Wannan daga baya na sani. A lokacin abin da na sani kawai shi ne takardar zamana a hannunsa take. Ina da mata da 'ya'ya biyu a gida, da mahaifiyata da ke jiran abin da nake aikawa. Da sa hannu ɗaya mutumin nan zai iya ɗora ni a jirgi.

Zan so in ce muku na yi jawabi mai ratsa jiki. Ban yi ba. Larabcin ma guduwa ya yi ya bar ni. Da ƙyar na haɗa, "Ban ji ba. Ba zan ce na ji ba."

"Ka san abin da kake yi kuwa?"

"Na sani. Aikina ka ɗauka, ya shehi, ba harshena ba."

Da azahar na ɗauki kwanona na wuce ta gabansa na shiga shagon agogo. Gaskiya ban ji ɗanɗanon abincin ba, amma na zauna har na cinye. Abokina ya ce, "Ka tashi, ya ɗan'uwa, kar ka jawo wa kanka." Na ce masa ya miƙo mini yaji.

Masu tambayar sun zo, mutum biyu cikin fararen riguna. Na faɗa musu agogo yake gyarawa, kuma ban taɓa jin ya zagi kowa ba. Suka rubuta suka tafi. Washegari kafilina ya tura ni sitonsa a wajen gari, ina sauke kwalaye cikin zafin da ke ƙona tafin hannu. Wata bakwai na yi a can kafin na samu wani kafilin ya karɓi takarduna. Abokina ba a kama shi ba, amma kasuwar ta ƙi shi, ya rufe shago ya koma ƙasarsu da mahaifiyarsa. Ƙaninsa sai bayan shekaru ya fito. Tsohuwar ba ta gan shi ba, ta riga ta rasu.

Har yau ina Riyad, yanzu tuƙi nake yi. Ban zama ɗan siyasa ba, kuma ban ce duk wanda ya fito titi a lokacin mai gaskiya ne ba. Amma tun daga ranar, in aka ce mini wasu mutane sun tayar da hankali haka kawai, sai in tambaya me aka yi wa kakanninsu. Wasu cikin 'yan'uwanmu har yanzu suna cewa wauta na yi, baƙo ba ruwansa da rikicin masu gida. Na yarda ba ruwana da rikicinsu. Amma ƙaryar da aka nema daga bakina za ta fito, kuma da yau za a sake turo ƙofar nan a tambaye ni, amsar ita ce dai.