Da Kunne Na Yi Karatun Jarrabawa

Assalamu alaikum. Wata tara ke nan ban rubuta komai a nan ba. Masu turo saƙo, ku yafe ni, ban iya ganinsu ba ne. Yanzu ma waya ce ke karanta mini abin da na rubuta.

Da Apolo abin ya fara, jan idon nan da ke bin unguwarmu Nima gida-gida. Sati uku bayan na gama kwalejin horar da malamai ya kama ni. Hajiya Laraba, yayar Mma mahaifiyata, ta aiko mini da maganin ɗigawa daga shagon magani. Kwana biyu jan ya tafi. Da ƙaiƙayi ya dawo na sayo wani. A unguwarmu wa ke zuwa asibiti don Apolo?

Kwalba biyar na ɗiga cikin wata huɗu. Na tabbata biyar ne, don ban zubar da ko ɗaya ba.

Wata safiya a tashar Circle, ina sauka daga trotro, motar haya, na yi karo da mai dako ta hagu. Ban gan ta ba sam, ita da ƙaton kwanonta.

A asibiti aka auna matsin idona: hagu arba'in da ɗaya, dama talatin da huɗu. Likita ta ce bai kamata ya wuce ashirin da ɗaya ba. Ta juya kwalbar a hannunta ta ce, "Wannan ne ya hawar da shi. Abin da ya tafi ba ya dawowa. Abin da ya rage, a kansa za mu yi faɗa."

An yi mini aiki a ido biyu. Katin inshora ya ɗauki wani ɓangare, dangi suka haɗa sauran. Hagu haske kawai yake gani. Dama kamar mai leƙe ta ramin makulli.

Na ji tsoro. Saura sati goma sha ɗaya jarrabawar lasisin koyarwa, kuma ba lasisi, ba aji. Shafi ɗaya yana cin mini minti ashirin, sai ciwon kai.

Wata nas ce ta gaya mini akwai ɗakin karatu na makafi da masu raunin gani. Ka yi rajista da takardar likita, ka sauke littafi a waya, a karanta maka. Kana iya tsallakawa zuwa babin da kake so, ka rage gudun murya, ka sa alama inda ka tsaya. Cikin littattafai uku da nake buƙata, biyu suna can.

Sai dai ban lissafa da dubiya ba.

Kun san gidan Zongo, unguwar Hausawa. Ba a rufe wa mai dubiya ƙofa, kuma yarinya ba ta toshe kunne a gaban babba. Daga hantsi zuwa magariba ɗakina cike. Satin farko shafi tara na ji. Tara, cikin ɗari uku da goma.

Hajiya Laraba kullum tana nan, da ta tashi daga sayar da koko. Ran nan ta ce, "Rukayya, bar jarrabawa nan. Allah ya riga ya yi nashi. Ki zo ki zauna kusa da tukunyana, ki riƙa ba ni canji."

Na zare igiyar sauraro daga kunnena, na ƙure muryar waya, na ajiye ta tsakiyar tabarma.

Na ce, "Hajiya, ba zan kore ki ba. Ba kuma zan rufe littafi ba. Sai dai mu ji tare."

Mma ta ce, "Kai, Rukayya!" Matar da ke cikin waya ta ci gaba da Turancinta.

Can Hajiya ta ce, "Wannan mata, ba ya tsayawa ya sha ruwa? Me yake cewa?"

Na fassara mata: ƙaramin yaro yana ɗauka dogon kofi ya fi gajere ɗaukar ruwa, ko da a gabansa aka juye.

"Shi ke nan boko? Shekara talatin ina zuba ma yara koko a dogon kofi, don kar su yi mani kuka!"

Ɗakin ya ɗauki dariya. Daga ranar ta zama doka: a ji shafi biyu, in tsayar, in bayyana da Hausa. Wanda bai iya ba ya gajarta dubiyarsa. Hajiya ba ta gajarta ba. In na yi kame-kame sai ta ce, "Malama, kai ma ba ka gane ba. Koma baya." In koma. Duk abin da Hajiya ta gane, ban manta shi ba.

Wata rana da muka rage mu biyu ta ce, a hankali, "Ni na aiko maki magani nan."

Na ce, "Kwalba ɗaya kika aiko, Hajiya. Huɗu ni na saya."

Ta turo mini wayar: "Sa mata ya ci gaba."

Na rubuta takardar roƙo, na haɗa da rahoton likita, aka ba ni tambayoyi da manyan baƙaƙe da ƙarin lokaci. Shekaranjiya sakamako ya fito. Sau uku na sa waya ta maimaita mini, don in tabbata.

Alhamdulillahi. Na gode wa likitata, da nas ɗin nan, da Mma, da matar da ta zauna ta karanta shafi ɗari uku da goma ga wadda ba ta sani ba.

Don Allah, kada ku ɗiga maganin ido wanda likita bai rubuta ba, ko na Apolo ne. In kun je asibiti ku ce a auna matsin ido. Wanda ganinsa ya raunana, ku kai shi ya yi rajista, kada ku zaunar da shi ku ce ya haƙura.

Gwajin matsin ido na ƙarshe: dama goma sha huɗu. Ina ɗiga maganina safe da yamma, ba fashi.

Ita kuwa Hajiya tana gaya wa duk mai sayen koko, "Mun ci jarrabawa." Jiya na ce mata ni kaɗai na shiga ɗakin. Ta ce, "Wa ya koya maka?"