Tayoyin Kawu Sale masu surutu

Wata Asabar ce da hantsi, a shagon wani mai sayar da taya a bakin titin Kazaure. Mu uku ne: ni, da kawuna Malam Sale, tsohon malamin dabbobi, da ɗansa Nasiru, wanda ya zo daga Abuja don ya saya wa tsohuwar jif ɗin mahaifinsa sababbin tayoyi.

Ku da kuka san Kawu kun san ba ya gaisawa da mai mota sai ya gaisa da tayarsa. Zai durƙusa, ya zura babban yatsa cikin zanen, sannan ya ɗago ya ce, "Ina kwana." Haka ya yi wa mutanen da suka zo neman auren 'yarsa. Da suka tafi ya ce mana, "Suna da ladabi, amma tayarsu ta baya sanƙo ce." Ya ba da auren, bayan an sauya tayar.

Tasa motar kuwa, tayoyi huɗu ne daga gidaje huɗu, duka gwanjo. Wani mai faci a Roni ya taɓa ce masa, "Baba, wannan ai faci ya fi roba yawa."

"To yi wa facin faci," in ji Kawu.

Tun rasuwar matarsa shi kaɗai yake zaune. Abokan aikinsa sun ƙare. Fita ɗaya ta rage masa: duk Juma'a bayan masallaci yakan tafi wata ruga gaba da Gwiwa, wajen Ardo Bello, wanda Kawu ya daɗe yana yi wa shanunsa allura, kuma yanzu idon Ardon ya tafi. Hanyar rairayi ce da rani, taɓo da damina. Nasiru yana tsoron tsoho shi kaɗai a dajin da waya ba ta shiga, amma ba ya iya hana mahaifinsa. Sai ya yi dabara, ya zaɓi tayoyin kwalta, waɗanda ba za su iya wannan hanya ba.

"Baba, waɗannan sun fi laushi, ba sa jan mai, kuma ba su da ƙara."

"Ba ƙara?"

"Ko kaɗan, Alhaji," in ji mai shago. "Kamar kana kan katifa."

"Ina da katifa a gida. Ita ma ba ta magana."

Ya nuna wasu masu manyan haƙora a can lungu. Mai shago ya ce waɗannan rairayi da taɓo ba sa tsayar da su, amma a kan kwalta kuka suke kamar injin niƙa.

"Su nake so. Daga nan har Roni na sami abokin hira."

"Baba, in ka kafe a daji fa?"

"Da naka zan kafe, kuma ka sani. Turke ka zo ka saya mini, Nasiru, ba taya ba. In ban je ba, wa zai je?"

Nasiru ya sunkuyar da kai, ya ce a ɗaura masu haƙoran. Kawu ya sa aka loda tsofaffin huɗu a baya, ya ce ba a korar ma'aikaci don ya tsufa.

Damina ɗaya ya ci da su, bai fasa Juma'a ko ɗaya ba. Da kaka ya kwanta, kwanciyar ba ta yi tsawo ba.

Ni aka tura in sanar da Ardo rasuwar. Na hau acaba daga Gwiwa. Na tarar da Ardo zaune a kan tabarma, fuskarsa wajen hanya. Kafin in yi sallama ya ce, "Wannan ba motar Likita ba ce." Na faɗa masa. Sai ya ce a kawo mini nonon da aka ajiye wa Kawu.

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya haskaka makwancinsa, kada ya bar shi cikin kaɗaici.

Jif ɗin tana nan ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Cikinmu babu wanda ya san hanyar rugar da mota.