Gyarena a sahun Azahar

Muna cikin sujada a sallar Azahar sai na ji wani abu ya ɗale min wuya. Gyare ne. Kuma na san na waye.

Sana'ata ke nan a unguwar Sulay ta birnin Riyad: ina kiwon gyare, ina kai wa masu ajiye hawainiya da ƙadangare a gida. Yau na ɗauko kwali guda zan kai unguwar Badi'a, sai aka kira salla. In na bar su a mota, zafin Riyad zai gasa su kafin a sallame. Sai na tura kwalin bayan ma'ajiyar takalma. Ashe murfin bai zauna ba.

Ana sallamewa, ko'ina gyare na tsalle a kan kafet. Ladan ya rufe Baba Idi da faɗa, dattijon Damagaram mai sharar masallacin. Wai ƙazantarsa ce, zai kai ƙararsa wurin kafili, wato ubangidan da ya kawo shi ƙasar aiki. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina jan carbi kamar na Allah.

A waje Baba ya same ni, kwalin a hannunsa.

"Ɗana, ga dabbobinka. Na tsinto waɗanda ba a taka ba."

"Baba, ashe ka san nawa ne? Me ya hana ka faɗa?"

"Na ga kana tasbihi, ban so in katse ka ba."

Wallahi gara a ce marina ya yi. Na koma neman ladan, ya riga ya tafi. Da La'asar zan same shi. Jama'a, da wane baki zan fara?