Hannun da ke riƙe da ganye

Damanar da ta zama ta ƙarshe ga matata, wani furoje na taimakon manoma ya ba ni waya in riƙa ɗaukar hotunan ganyen wake a gonakinmu na Kanan-Bakashe. An ce za a koya wa na'ura ta bambance mai lafiya da mai cuta, don manomi ya nuna wa wayarsa ganye ta faɗa masa abin da ke damunsa. Ban fahimci yadda ƙarfe zai koyi abu ba, amma na karɓi aikin.

Masu lafiya ina ɗaukarsu a jikin kara, ni kaɗai. Masu cuta kuwa matata ke gano su, domin idonta ya fi nawa. Sai ta tsinko, ta shimfiɗa a tafin hannunta, da jan lallenta da ba ya rabuwa da ita.

"Malam, yi sauri, hannuna ya gaji," in ji ta. "Tun da aka ba ka wayar nan ko ganye bai tsira ba."

Fuskarta kuwa ba ta taɓa yarda na ɗauka ba. Bayan girbi ta kwanta, ba ta daɗe ba Allah ya karɓi abinsa.

Da rani aka kira mu Tasawa, mu masu ɗaukar hoto, a koya mana tushen aikin. Na je ne don zaman gida ya yi mini nauyi. Malamar da ke koya mana ta fito daga Maraɗi, ga haƙuri. Ta ce ba a gaya wa na'ura kamannin cuta. Misalai ake nuna mata da yawa, kowane da amsarsa. Na'urar ta yi hasashe, a nuna mata kuskurenta, ta gyara kaɗan, a sake, har ta kama abin da ke maimaituwa. Daga nan sai a jarraba ta da abin da ba ta taɓa gani ba, nan ake sanin ko ta koya ko hadda ta yi. Malamar ta ce da na'ura mai gane murya da mai hasashen ruwan sama, duk kan wannan hanya suke. Ranar na ga aikin gaba ɗayansa, na ga ɗan gurbin da nake tsaye a ciki.

Wajen jarrabawar, wata mata daga garin Cake ta miƙa ganye lafiyayye a hannunta mai lalle. Na'ura ta ce cuta. Ta yar da ganyen, ta nuna tafin hannu kawai. Na'ura ta sake cewa cuta.

"To, ni ce cutar ke nan!" in ji matar. Ɗaki ya ɗauki dariya.

Malama ta buɗe hotunan a ordinata, wato kwamfuta, tana dubawa. Ta juyo.

"Baba, hannun wane ne wannan?"

Na ce na mai ɗakina ne, ta rasu. Dariya ta tsaya.

Malama ta yi mini gaisuwar rashi, sannan ta yi bayani a hankali. Kusan duk ganye mai cuta da na'ura ta gani, a wannan hannun ta gan shi. Sai ta ɗauka lallen ne alamar. Yanke hannun daga hotunan ba zai yiwu ba, yatsun sun hau kan ganye. Ko dai a cire hotunan duka, ko a samo wasu da yawa na ganye mai lafiya a hannu mai lalle, har na'ura ta gane hannun ba ya nufin kome.

Na roƙe ta kada a cire, a ba ni zuwa damana.

Da wake ya yi ganye na je wa yayar marigayiya da maganar. Ba ta tambaye ni dalili sau biyu ba. Ta tara matan unguwa suka ƙunsa lalle kamar ana shirin biki, muka shiga gona. Suna tsinko masu lafiya, ina ɗauka. Wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, ka ɗauke ni da kyau, ko na samu miji a cikin wayar." Na yi dariya, na ɗauki hoton.

Kafin kaka malama ta kira ni. Ta ce hotunan matata suna nan cikin aikin, ba a taɓa ko ɗaya ba, kuma na'ura ta daina kula da hannu, ganye take dubawa.

Na yi mata godiya. Ni dai har yau in na buɗe su, sai na tuna wa kaina cewa akwai ganye a hoton.